KAMA DA WANE BA TA WANE: Masu Ƙera Wa Tsofaffin Ƙananan Babura Kayan Ƙafa

A Amurka da Jafan da wasu ƙasashen Turai akwai wata sana'a wadda in aka ba mutum labarinta da farko sai ya ɗauka wasan yara ce. Sana'ar kuwa ita ce ta farfaɗo da tsofaffin ƙananan babura, irin waɗanda tsayinsu bai wuce ƙugun babban mutum ba, waɗanda aka ƙera tun shekaru 50 ko fiye da suka shige. Akan tono su daga ɗakunan ajiya da bayan gidaje, sun yi tsatsa, tayoyinsu sun ruɓe, a wanke, a gyara, a yi musu fenti, har su koma kamar ranar da aka fito da su daga kanti.

Fenti da kujera da fitila ba su cika ba masu wannan aiki wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kayan ƙafa, watau sifirin da shokozoba da bututun gaba da 'yan zobban da ke cikinsu. Su ne ke ɗauke da nauyin mahayi, su ne kuma suka fi saurin cinyewa, ga shi kuwa kamfanonin da suka yi su waɗansu sun mutu, waɗansu sun daina yin irinsu tuntuni. Saboda haka tilas a sake ƙera su, kuma duk wanda ya ƙera su ba daidai ba, lafiyar wani ya jefa cikin hatsari.

ASALIN ƘANANAN BABURA

A Amurka abin ya faro ne a ƙarshen shekarun 1950, sa'ad da masu tseren ƙananan motoci suka riƙa harhaɗa bututun ƙarfe da ƙananan tayoyi da inji irin na yankan ciyawa, su yi ɗan abin hawa na zirga-zirga a filin tsere. Da yara suka ƙyalla ido suka gani, sai 'yan kasuwa suka shigo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice shi ne Mickey Rupp, wanda ya kafa kamfaninsa a garin Mansfield na Jihar Ohio a 1959. Ya soma da ƙananan motocin tsere, sa'an nan ya shiga ƙera ƙananan babura, har ya fito da samfura irin su Roadster da Black Widow waɗanda ake nema ruwa a jallo har yau. Kasuwar ta yi tashe zuwa farkon shekarun 1970, daga nan ta ja baya, kamfanin Rupp kuwa ya karye a 1978.

A Jafan kuwa labarin daban ne. A 1961 kamfanin Honda ya ƙera wani ɗan babur mai lamba Z100 domin yara su riƙa hawa a wani filin shaƙatawa da ake kira Tama Tech a yankin Tokiyo. An ɗora masa injin Super Cub, kakan baburan nan da ake ce wa roba-roba, aka sa masa tayoyi masu faɗin inci 5 kacal. In babba ya hau, gwiwoyi a waje, baya a tanƙware, sai ya yi kama da biri, dalilin da ya sa sunan Monkey, watau biri, ya bi shi ke nan. A 1967 aka fito da Z50M, a 1968 kuma aka kai Z50A Amurka da sunan Mini Trail, mai tayoyi inci 8 da hannu mai naɗewa yadda za a iya jefa shi a bayan mota. A 1969 ɗan'uwansa Dax, wanda Amurkawa suka sani da CT70, ya biyo baya. Honda ya ci gaba da ƙera ɗan birin nan har 2017, lokacin da dokokin rage hayaƙi suka sa aka dakatar da shi. Wanda ya gaje shi a 2018 ya fi shi girma da ƙarfin inji, kayansu kuwa ba sa shiga juna.

Tarihin ƙafafun wannan babur shi kansa darasi ne. Z50M ba shi da sifirin gaba ko baya, iskar taya da kujera kaɗai ke tare wa mahayi gargada. Z50A ya sami sifirin a gaba, amma tayar baya a ɗaure take ƙam da gangar jikin babur. Da yara suka riƙa tsalle da shi a kan tudu da kwari, sai gangar jikin ta riƙa tsagewa, har Honda ya sa masa shokozoba a baya a 1972. Watau duk bugun da sifirin bai shanye ba, ƙarfe ne zai sha shi, in ƙarfe ya gaji kuwa sai ya kai ga ƙashin mahayi.

AWO DAGA ABIN DA YA RIGA YA CI

Wahalar farko da maƙerin irin waɗannan kaya ke gamuwa da ita ita ce rashin zanen asali. Abin da ke hannunsa sai tsohon ƙarfe wanda ya sha shekaru yana aiki. Sifirin ya kwanta, tsawonsa ya ragu. Bututu ya ɗan lanƙwashe, zobe ya side, roba ta bushe ta ƙanƙance. In ya kwaikwayi abin yadda ya same shi, to, ya kwaikwayi lalacewarsa ne gaba ɗaya.

Saboda haka gwanayen aikin ba su dogara da samfuri guda. Sukan tara uku ko huɗu daga babura daban-daban, su auna kowanne, su duba wuraren da ba su gogar komai, domin a nan ne awon asali yake saura. In an yi sa'a aka sami wanda ba a taɓa amfani da shi ba, wanda ya kwana a kantin wani tsohon dillali, shi ke zama alƙali. Littattafan gyara da kamfani ya buga su ma suna taimakawa a inda suka faɗi awo. Sai kuma a lura da ƙasar da babur ya fito, gama na Jafan da milimita aka auna su, na Amurka irin su Rupp kuwa da inci. Wanda ya auna ƙarfen inci da ma'aunin milimita, ya ce ai kusan ɗaya ne, zai ƙera abin da ko dai ya ƙi shiga ko ya riƙa kaɗawa. A yau akan zana awon a kwamfuta, har akan buga samfurin gwaji na roba a ga ko ya zauna daidai kafin a taɓa ƙarfe. Amma samfurin roba na gwaji ne kurum, ba a ɗora masa nauyin mutum.

SIRRIN SIFIRIN

In an buɗe bututun gaba na Z50A, mai karatu zai yi mamakin sauƙin abin da ke ciki. Babu mai irin na manyan babura. Akwai dai sifirin, da 'yan zobba na roba mai tauri da ke riƙe bututun ƙasa ya riƙa shiga yana fita a cikin na sama, da giris, da rigar roba mai hana ƙura shiga. Tun da yake babu mai da zai rage tsalle, kusan dukan halin babur a kan hanya daga sifirin yake fitowa.

Taurin sifirin kuwa abubuwa uku ke yanke shi bayan irin ƙarfen: kaurin waya, da faɗin naɗi, da yawan naɗin da ke aiki. Kaurin waya shi ne sarki a cikinsu. In aka ƙara shi da kashi 10 cikin 100 kawai, alal misali daga milimita 3 zuwa 3.3, taurin zai ƙaru da wajen kashi 46 cikin 100. In faɗin naɗi ne ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, sifirin zai yi laushi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Yawan naɗi kuma aikinsa a juye yake da yadda mutane da yawa ke zato. Wanda ya sami sifirin mai naɗi 20 ya datse 2 don ya shiga bututu, bai rage masa ƙarfi ba, ya ƙara masa tauri ne da wajen kashi 11 cikin 100, ya kuma rage masa nisan da zai iya matsewa. Ga shi kuwa ido ba ya bambanta waya mai milimita 3 da mai 3.3 in an ajiye su a kan tebur.

Wannan ne ya sa tsohon sifirin, ko da ya kwanta, yana da amfani ƙwarai ga maƙeri. Tsawonsa ya sake, amma kaurin wayarsa da yawan naɗinsa suna nan. Akan kuma gwada taurinsa kai tsaye, a ɗora masa nauyin da aka sani, a auna yadda ya matse. In kilo 10 ya matse shi da milimita 10, kilo 20 kuma da milimita 20, an san halinsa, sabon da za a naɗa kuwa dole ya ba da amsa iri ɗaya.

Naɗin kansa a kan sandar ƙarfe ake yi, da waya ta musamman wadda aka yi domin sifirin. Bayan an naɗa akan gasa shi a tanda, a zafin da ke tsakanin digiri 200 da 400 gwargwadon irin ƙarfen, domin a kwantar da ɗaurewar da naɗi ya bari a cikinsa. Sai a daidaita bakinsa biyu da dutsen wasa yadda zai tsaya cak, a danne shi har ƙarshe sau da dama domin ya yi kwanciyar da zai yi tun a ma'aikata, kada ya yi ta a ƙarƙashin mahayi. Abin da ba a yi shi ne a kai wa sifirin wutar walda don a miƙe shi ko a rage masa tsawo, gama wurin da wutar ta taɓa ya rasa ƙarfinsa har abada.

Akwai kuma tarkon ado. Sifirin da ke waje, kamar na shokozobar baya, akan so a yi masa ruwan kurom ya riƙa ƙyalli. Amma wajen wanke shi da ruwan asid da yi masa ruwan kurom ɗin, iskar haidirojin takan shiga cikin ƙarfe mai tauri ta mai da shi mai saurin karyewa kamar tangaran. Maganin abin shi ne a mai da shi tanda ba da jinkiri ba, a gasa shi na sa'o'i a zafin wajen digiri 200, iskar ta fita. Sifirin da aka tsallake wa wannan mataki kyan ɗan maciji gare shi, yana ƙyalli, rana ɗaya kuma sai ya ɓalle ba tare da ya ba da wata alama ba.

BUTUTU DA ZOBBA

Bututun gaba ba a yin sa da bututun ruwa, ko da faɗinsu ya zo ɗaya. Bututun ruwa ƙarfensa mai laushi ne, kuma yakan zo da layin walda a ciki wanda zai riƙa cin zobe. Akan nemi bututun da aka ja shi ta cikin ma'auni har cikinsa da wajensa suka yi sumul, kaurinsa kuma ya daidaita ko'ina. Sai a ɗora shi a injin feƙe ƙarfe, a yanka masa haƙoran da noti zai kama, a huda ramukan kusa daidai inda na asali suke. Kafin a ci gaba akan mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe ko gilashi, in ya yi ɗingishi an san akwai lanƙwasa. In za a yi masa ruwan kurom, tilas a tuna cewa ruwan yana ƙara kauri, a bar masa wuri tun wajen feƙewa.

Zobban ciki su ne mafi araha a duk kayan, amma su ke hana tayar gaba rawa. Yawancin masu ƙera su yanzu da wata roba mai tauri da ake kira asetal suke aiki, wadda kamfanin DuPont ya fito da ita kasuwa da sunan Delrin a 1960. Dalilin fifita ta shi ne ba ta shan ruwa sosai, alhali kuwa nailan yakan sha danshi ya kumbura har ya riƙe bututu. Ratar da ake bari tsakanin zobe da bututu ba ta wuce kaurin takarda ba. In ta yi kaɗan bututu ya cije, in ta yi yawa taya ta riƙa kaɗawa duk sa'ad da aka ja birki.

Ga baburan da ke da shokozoba a baya, akwai hannun ƙarfe mai lilo wanda ke riƙe da tayar baya. Walda takan ja ƙarfe in yana hucewa, saboda haka ba a haɗa wannan hannu sai a kan mariƙi na musamman wanda ke ɗaure kowane yanki a wurinsa, a riƙa ɗiga walda nan da can bi da bi. In ya karkace ko da kaɗan ne, tayar baya ba za ta bi sawun ta gaba ba, sarƙa kuma za ta riƙa cin haƙoranta. Shokozobar kanta da yawa a rufe aka yi su ba don a buɗe ba, sai dai a sake sabuwa. A nan awon da ya fi muhimmanci shi ne nisan da ke tsakanin idon sama da na ƙasa. In ya yi tsawo sai bayan babur ya ɗaga, sarƙa ta sake zama, in ya gaza kuwa taya ta riƙa gogar murfinta.

YARON JIYA, MAGIDANCIN YAU

Akwai wata matsala wadda ma'auni ba ya warware ta. Yawancin masu sayen waɗannan babura a yau su ne yaran da suka hau su, ko suka yi sha'awarsu ba su samu ba, a shekarun 1960 da 1970. Yaron da ke da nauyin kilo 35 a wancan zamani ya zama dattijo mai ninkin wannan nauyi ko fiye. In aka ƙera masa sifirin daidai da na asali, da ya zauna zai danne shi kusan ƙarshe, rami na farko kuma ƙarfe ya bugi ƙarfe.

A kan wannan masu sha'awar abin sun rabu biyu. Waɗansu, musamman masu kai babura wuraren nuni inda alƙalai ke duba kowace kusa, sun tsaya a kan cewa kada a sake komai, a yi shi yadda kamfani ya yi. Waɗansu kuwa hawa suke so su yi, suna neman sifirin da zai ɗauke su. Maƙera da dama sun bi hanyar tsakiya, su bar waje yadda yake, su ƙara tauri a ciki inda ido ba ya gani. Sai dai wannan ma yana da iyaka. Sifirin mai tauri a bututun da ba shi da mai tsallensa ya fi yawa, kuma bugun da ya ƙi shanyewa gangar jiki zai miƙa wa, wadda tun tana sabuwa an san ta da tsagewa, balle yanzu da ta haura shekara 50. Saboda haka mai hankali yakan kankare fenti ya duba wuraren walda tukuna kafin ya yi zancen ƙara tauri.

KASUWA DA AMANA

Masu Honda sun fi samun sauƙi, domin an ƙera baburan da yawa ƙwarai, kasuwarsu kuma tana da faɗi. A Jafan akwai kamfanoni irin su Takegawa da Kitaco da suka daɗe suna yi wa ɗan birin kaya, ma'aikatu a Taiwan da Tailan da Sin kuma suna fitar da kwaikwayo iri-iri. Har ma akwai kamfanonin Sin da suka kwaikwayi babur ɗin sukutum, cikinsu har da Jincheng wanda sunansa ba baƙo ba ne a Nijeriya. Amma kayan kwaikwayon ba kullum suke zama daidai a jikin na asali ba, kuma ingancinsu hawa-hawa ne. Masu Rupp da sauran baburan Amurka da kamfanoninsu suka shuɗe kuwa sun dogara ne ga ƙananan maƙera, mutum guda da injinsa a bayan gida. Tun da yake yin mazubin roba ko shirya injin naɗa sifirin yana cin kuɗi ko guda ɗaya za a yi, akan jira masu bukata su taru, a yi da ɗan dama a raba.

A nan ne maganar amana ke shigowa. Kayan asali da ba a taɓa amfani da su ba sun fi na kwaikwayo tsada nesa ba kusa ba, saboda haka akwai jarrabawa ga mai sayarwa ya sa sabon ƙira a tsohon kwali. Maƙeran kirki sukan buga 'yar alama a wurin da ba a gani in an ɗaura, su kuma faɗi irin ƙarfen da taurin sifirin a fili. Shi ma mai saye ya kamata ya san cewa ba kowane tsohon abu ne tsohuwar zuma ba. Ƙarfen da ya kwana a kanti ba tare da tsatsa ba yana nan da ƙarfinsa, amma roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, sabuwar da aka zuba bana ta fi wadda ta shekara 50 a leda.

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a ba kowa babur ɗin da aka sake wa ƙafafu, akan danna gabansa a saki a ga ko ya dawo sumul ba tare da cijewa ba, a ja birki a girgiza a saurari ƙara, a yi 'yar tafiya a hankali, sa'an nan a sake bin kowane noti da sifana. Tsofaffin kayan da aka cire kuwa ba a zubar da su. Akan shafe su da mai a adana a akwati tare da takardar awon da aka ɗauka, domin ranar da babur ya koma hannun wani, shi ma ya san abin da aka sake da abin da aka bari.